Bukatar Folik Asid a Abincin Aladu Masu Tasowa: Jawabi ga Masu Kiwo



Wannan jawabi ya shafi wani sinadarin abinci ne wanda ake kira folik asid, da gwargwadon abin da alade mai tasowa yake bukata daga gare shi. Sanin kowa ne Nijeriya ƙasa ce mai jama'a iri-iri, masu addinai da al'adu dabam-dabam. Musulmi ba sa kiwon alade, ba sa kuma cin namansa, bisa ga koyarwar addininsu. Amma akwai 'yan ƙasa masu ɗimbin yawa da suke jin Hausa, suke kuma karanta ta, waɗanda kiwon aladu shi ne rufin asirinsu, musamman a kudancin Jihar Kaduna, da Filato, da Binuwai, da Nasarawa, da Taraba, da Adamawa, da kudancin Gombe, da ƙasar Zuru. Duk ranar Alhamis kasuwar aladu ta Katsit, kusa da Kafanchan, takan cika da fatake daga kudancin ƙasar nan. Kuɗin da ake samu a irin wannan kasuwa da shi ake biyan kuɗin makarantar yara, da sayen takin zamani, da zuwa asibiti. Mai kiwon kaji ma zai ƙaru da wannan bayani, domin cikin kaza da cikin alade sun yi kama da juna ta wajen wannan bukata.

Abinci shi ne yake cinye kashi biyu cikin uku na kuɗin da mai kiwo yake kashewa a kan aladunsa, wani lokaci ma fiye. Saboda haka duk nairar da aka kashe a kan abin da dabba ba ta bukata, daga cikin riba aka yanke ta. Kantunan magungunan dabbobi kuwa cike suke da kwalabe da ƙunshe-ƙunshe na bitamin, kowanne da alkawarin saurin girma. Ya kamata mai kiwo ya san wace dabba ce a garkensa take bukatar ƙarin folik asid, da wadda ba ta bukata, da kuma lokacin da bukatar take tasowa.

Asalin sinadarin

Folik asid ɗaya ne daga cikin dangin bitamin B, ana kuma kiransa bitamin B9. A jikin 'yan Adam aka fara gano amfaninsa. Wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills ta yi aiki a birnin Bombay na ƙasar Indiya, wanda yanzu ake kira Mumbai, inda ta tarar da wani irin ƙarancin jini mai tsanani yana kashe matalautan mata masu juna biyu. A shekarar 1931 ta bayyana cewa wani abinci da ake yi da yis yana warkar da wannan ciwo, ko da yake a lokacin ba a san abin da yake cikin yis ɗin ba. A 1941 waɗansu masana uku a Jami'ar Texas ta Amurka suka tace sinadarin daga tan huɗu na ganyen alayyafon Turawa, suka raɗa masa suna daga kalmar Latin mai ma'anar ganye. A 1945 kuma aka sami hanyar harhaɗa shi a ma'aikata. Wannan ne garin nan mai launin rawaya da ake yin ƙananan ƙwayoyin da ake ba mata masu ciki a wurin awo.

Aikinsa a jiki

Jikin kowace dabba an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Girma yana faruwa ne sa'ad da ƙwaya ɗaya ta rabu ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Kafin ƙwaya ta rabu, wajibi ne ta kwafi kundin gadon da yake cikinta, wanda masana suke kira DNA, domin kowace sabuwar ƙwaya ta tafi da nata. Folik asid shi ne kamar ɗan dako mai miƙa waɗansu ƙananan kayan da ake gina wannan kundi da su. Idan ɗan dako ya yi ƙaranci, gini sai ya tsaya, ko da akwai sauran kayan aiki jibge.

Saboda haka wuraren da ƙwayoyi suke saurin rabuwa su ne suke fara jin jiki: ɓargo, inda ake ƙera ƙwayoyin jini, da fatar cikin hanji, wadda take sabuntuwa cikin 'yan kwanaki, da kuma 'ya'yan da suke cikin mahaifa. Har ila yau folik asid ba ya aiki shi kaɗai, sai tare da bitamin B12. Shi kuwa B12 ba a samunsa a tsirrai, sai a abincin da ya fito daga dabba, kamar garin kifi ko garin nama, ko kuma a gaurayen bitamin na sayarwa.

Nawa alade yake bukata?

Ma'aunin da masana abincin dabbobi suka fi dogara da shi a duniya shi ne na Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka. A bugunta na 2012 ta ƙayyade cewa alade mai tasowa, tun daga yaye har zuwa lokacin sayarwa, yana bukatar miligiram 0.3 na folik asid a cikin kowane kilo ɗaya na abinci. Watau miligiram 300 ke nan a cikin tan guda, bai ma kai kashi ɗaya cikin uku na giram ɗaya ba.

Ga misalin da zai fito da ƙanƙantar wannan adadi. A ce alade ya tashi daga nauyin kilo 20 zuwa kilo 90, ya ci abinci kilo 250 a tsakani, watau buhu biyar masu kilo 50. Dukan folik asid ɗin da yake bukata a waɗannan watanni miligiram 75 ne. Ƙwayar nan rawaya da ake sayarwa a kantin magani miligiram 5 ce. Ke nan abin da yake cikin ƙwaya 15 ya ishi alade guda tun daga ƙuruciya har ranar da za a kai shi kasuwa. An kawo wannan misali ne domin kwatanci kawai. Ƙwayoyin da ake ba mata a asibiti nasu ne, a bar musu abinsu.

Inda alade yake samunsa

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce abincin yau da kullum. Ɗanyen ganye shi ne kan gaba: alayyafo, da ganyen dankalin Hausa, da zogale, da ganyen wake, da ɗanyar ciyawa mai taushi. Waken soya da ƙuli-ƙuli da dusar alkama suna da shi daidai gwargwado, yis kuwa ya fi su duka. Masara da dawa suna da kaɗan, rogo da ɓawonsa ma haka.

Hanya ta biyu tana cikin cikin aladen da kansa. A cikin babban hanjinsa akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, ba su ƙidayuwa, waɗanda suke ƙera folik asid domin kansu. Jiki yakan tsotsi wani kashi daga ciki, saura kuma ya fita cikin kashi, aladen da yake tonon ƙasa kuwa yakan mayar da wani abu daga cikinsa. A nan ne bambanci yake tsakanin alade da saniya ko tunkiya. Su masu tuƙa, bakteriyarsu tana cikin tumbi ne, watau kafin abinci ya isa ƙaramin hanji inda ake tsotse shi, shi ya sa da wuya su rasa dangin bitamin B. Na alade da na kaza kuwa a ƙarshen hanya suke, don haka ba duka abin da suka ƙera jiki yake mora ba.

Hanya ta uku ita ce garin gaurayen bitamin da ma'adinai, wanda masu kanti suke kira firimis, da ake zubawa cikin abincin da aka haɗa.

Hanyoyi biyun farko galibi sun wadatar da alade mai tasowa. A ƙarshen shekarun 1940 masana a Amurka sun so su ga alamun rashin wannan sinadari a jikin alade, amma abin ya ba su wuya. Sai da suka haɗa wani tataccen abinci na gwaji wanda babu folik asid a cikinsa, sa'an nan suka ƙara da maganin da yake kashe bakteriyar hanji ko wanda yake hana sinadarin aiki, kafin ciwon ya bayyana sosai. Daga baya an yi gwaje-gwaje da dama inda aka ƙara folik asid a abincin masara da waken soya na aladu masu tasowa, a yawancinsu ba a ga wani ƙarin nauyi ba. Sinadari ne mai narkewa a ruwa. Hanta takan ajiye abin da za ta iya, ragowar kuma ta bi fitsari. Wanda ya sayi kwalbar bitamin mai tsada domin lafiyayyen alade mai cin abinci mai kyau, yawancin kuɗinsa a makwararar ɗaki zai ƙare.

Lokutan da haɗari yake tasowa

Duk da haka akwai halaye biyar da za su iya jefa garke cikin ƙaranci, dukansu kuwa ana ganinsu a ƙasar nan.

Na ɗaya, yawan ba da magungunan salfa. Waɗannan magunguna suna aiki ne ta hanyar hana bakteriya ƙera folik asid, da haka suke kashe masu kawo cuta. Amma magani ba ya bambanta mai cuta da mai amfani. Idan likita ya rubuta shi na 'yan kwanaki, babu damuwa. Mai kiwon da ya mai da shi al'ada, yana zubawa a ruwan sha mako da mako da sunan rigakafi, ya rufe wa aladensa hanya ta biyu da hannunsa. Bugu da ƙari yana koya wa cututtuka jure wa magani, yana kuma barin saurar magani a naman da mutane za su ci.

Na biyu, abinci iri ɗaya tak. Da rani, sa'ad da ganye ya bushe, akwai gidajen da alade zai yi wata biyu ko uku yana cin ɓawon rogo da dusar masara kawai, a kulle cikin ɗakin siminti.

Na uku, dafuwa. Zafi da hasken rana suna lalata folik asid, yana kuma tsiyayewa cikin ruwan dafuwa. Tun da zazzaɓin aladu na Afirka ya ɓarke a Nijeriya a 1997, likitocin dabbobi suke gargaɗi cewa duk ragowar abincin gida ko na otel da za a ba alade, a tafasa shi aƙalla minti 30 ana juyawa, in ma da hali a guje shi gaba ɗaya. Wannan gargaɗi yana nan daram, domin cutar ba ta da magani, takan kuma share garke cikin 'yan kwanaki. Kada wani ya rage tafasa domin ceton bitamin. Abin yi shi ne a tafasa sosai, a bari ya huce, sa'an nan a yayyanka ɗanyen ganye mai tsabta daga gona a zuba a kai.

Na huɗu, tsohon abinci. Firimis ɗin da ya daɗe a kan kanta, cikin zafi da laima, bakin leda a buɗe, ƙarfinsa yakan ragu ko da idonsa bai sāke ba. Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kuwa yana ɗauke da dafin da yake ɓata hanta, ita ce kuwa ma'ajin wannan sinadari.

Na biyar, zawo mai daɗewa da tsutsar ciki. Hanjin da ya ji rauni ba ya tsotse abinci yadda ya kamata, alhali a lokacin ne yake bukatar ƙarin folik asid domin ya gyara kansa. 'Yan aladun da aka yaye kwanan nan su ne wannan ya fi shafa.

Alamu, da abin da yake kama da su

Aladen da ya rasa folik asid girmansa yakan tsaya, gashinsa ya koɗe, ƙarfinsa ya ragu, dasashi da cikin fatar ido su yi fari saboda ƙarancin jini. Fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su ma sukan ragu, sai ƙaramar cuta ta kayar da shi.

A nan ake bukatar natsuwa, domin Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Waɗannan alamu ba na folik asid ne kaɗai ba, kuma a yawancin garkuna wani abu ne dabam yake kawo su. Ƙarancin jini a jariran aladu kusan kullum daga rashin sinadarin ƙarfe ne. Jaririn alade yana bukatar wajen miligiram 7 na ƙarfe a rana, nonon uwarsa kuwa abin da yake ba shi bai wuce wajen miligiram 1 ba. Wanda aka haifa a ɗakin siminti, ba ya samun ƙasar da zai lasa, dole ne a yi masa allurar ƙarfe cikin kwana uku na farko. Folik asid ba zai maye gurbin wannan allura ba. A manyan 'yan aladu kuma, abin da ya fi hana girma shi ne tsutsar ciki, da ƙazuwa, da rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin ruwan sha. Wanda ya ga dabbarsa ta koɗe ya fara duba waɗannan, ya kuma kira malamin dabbobi. Gwajin jini ne kaɗai yake iya rarrabe wannan ƙarancin jini da wancan.

Uwar garke

Dabbar da ta fi cancantar a kashe mata kuɗi a kan wannan sinadari ita ce uwa. Cikin alade kwana 114 ne, watau wata uku da mako uku da kwana uku. Uwa takan ɗauki cikin 'ya'ya fiye da waɗanda take haifa, domin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari sukan lalace tun cikin watan farko, ba tare da mai kiwo ya ga wata alama ba. A wannan wata ne ƙwayoyin halittar 'ya'yan suke rabuwa da saurin da ba za su ƙara yin irinsa ba har abada.

A 1984 wani masani a ƙasar Kanada mai suna Jacques Matte, tare da abokan aikinsa, suka nuna cewa folik asid ɗin da yake cikin jinin uwa yakan faɗi ƙwarai a lokacin ciki, kuma iyayen da aka yi wa ƙarinsa sun haifi 'ya'ya fiye da waɗanda ba a yi wa ba. Binciken da ya biyo baya a Amurka da Kanada ya nuna amfanin ya fi fitowa ga iyayen da suka riga suka haihu sau biyu ko fiye. Wannan ne ya sa Majalisar nan ta Amurka, a bugunta na 1998, ta ɗaga ma'aunin uwa mai ciki da mai shayarwa daga miligiram 0.3 zuwa 1.3 a kowane kilo na abinci, ta kuma bar shi haka a 2012. Ya fi ninki huɗu na ma'aunin alade mai tasowa.

Uwar da take cin kilo biyu da rabi a rana tana bukatar miligiram uku da 'yan kai kullum, watau wajen miligiram 370 daga barbara zuwa haihuwa. Wannan ya kusa ninki biyar na abin da ɗanta zai bukata a duk watannin kiwonsa. Lokaci kuma yana da muhimmanci. Ƙarin da aka fara tun daga yaye, kafin a kai ta ga namiji, shi ne mai amfani. Wanda ya jira sai ciki ya fito ya makara, domin asarar ta riga ta auku. Ɗa guda da ya ƙaru a kowace haihuwa ya biya kuɗin firimis ɗin uwarsa har da riba.

Abin da ya kamata a yi

1. A riƙa ba aladu masu tasowa ɗanyen ganye kullum, ko da dami kaɗan ne. A dasa zogale da dankalin Hausa kusa da gida ko a fadama domin rani. Ganyen da za a ajiye a shanya shi a inuwa. Ganyen rogo da ɓawonsa kuwa sai an bar su sun yi yaushi ko sun bushe, saboda dafin da yake cikin ɗanyensu.

2. Kada abinci ya zama iri ɗaya. A haɗa hatsi ko rogo da gasasshen waken soya ko ƙuli-ƙuli, da ɗan garin kifi inda ya samu.

3. Mai haɗa abinci da kansa ya yi amfani da firimis na aladu, ya bi ma'aunin da aka rubuta a jikin leda. Yawancinsu kilo biyu da rabi ne a tan guda, watau giram 125 a buhu mai kilo 50. A fara cuɗa shi da ɗan gari kaɗan kafin a zuba cikin saura, domin ya game ko'ina. Ninka ma'auni ba ya ninka girma.

4. A sayi firimis gwargwadon abin da zai ƙare cikin wata uku, a duba ranar ƙarewar aikinsa da lambar rajistar hukumar NAFDAC, a ɗaure bakinsa, a ajiye shi a wuri mai sanyi da duhu.

5. A saya wa iyaye firimis nasu na masu haihuwa, a karanta a tabbata akwai folik asid a jerin abin da yake ciki, a fara ba su tun kafin barbara har zuwa yaye.

6. Kada a ba da salfa ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da umarnin likitan dabbobi. A cika kwanakin da ya faɗa, a tsaya a nan, a kuma kiyaye kwanakin jira kafin yanka ko sayarwa. Bayan an gama magani a ƙara wa dabbar ganye.

7. A yi wa jarirai allurar ƙarfe, a ba garke maganin tsutsa a kan kari, a zubar da duk abincin da ya yi fumfuna.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarsa. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da take Shika, kusa da Zariya, da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da take Vom a Jihar Filato, an kafa su ne domin hidimar masu kiwo na kowane sashe na ƙasar nan, ƙofarsu kuma a buɗe take ga mai tambaya.

Allah ya sa albarka a kiwo, ya kiyaye garkuna daga annoba, ya ba ƙasa lafiya da wadata.